Shekara ɗaya babu Gwaggo, mun je mun yi godiya

Tun ranar Lahadi 'yan uwan da basu samu zuwa Zuru ba suke damuna a WhatsApp wai in turo hotuna. Hotuna dai na tura, amma rabinsu ba a ganin komai, dan yaron da muka ba wayar shima kuka yake hannunsa na rawa. Shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta, wanda bai je ba ya karanta, wanda kuma bai santa ba sam ya ɗan san ko wacece wannan tsohuwa da muka tara mutane haka saboda ita.

Gwaggo yayar babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta ɗauke ni bayan rasuwar mamata ina ƙarama ko wayo ban yi ba. Shekarunta ma sai da aka yi gardama a kansu lokacin buga takardar jana'iza, dan babu takardar haihuwa, wa ya damu da wannan a ƙauye a zamaninsu. Abin da take faɗa mana kullum shine lokacin da ake ta labarin Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna ita ta isa ɗaukar tulu zuwa rafi amma bata fara ƙirgar dangi ba. Zuwan Sarauniya a 1956 ne, to da wannan muka yi lissafi muka rubuta 78, Baba yana ta cewa ta fi haka. Ko ma dai nawa ne ta wuce saba'in ɗin da Zabura 90 ta ambata, ta kusa taɓa tamanin.

Aurenta irin na da ne. Mijinta sai da yayi golmo, shekara bakwai shi da abokansa suna noma a gonar kakanmu kafin a bashi ita, kuma har ta tsufa in ta ga saurayi ya zo zance da wayarsa a hannu yana taunar cingam sai tace wannan ko kunyar noma ɗaya ba zai iya kaiwa ƙarshe ba. Ba a daɗe da auren ba yaƙin basasa ya tashi a 1967, ya shiga soja kamar yadda samarin ƙasar Zuru da yawa suka shiga, kowa ya san mu da wannan, da wuya ka samu gida babu mai kaki. Ya dawo bayan 1970 da ransa da ɗingishi a ƙafar hagu.

Haihuwa biyar Gwaggo tayi. Babu ko ɗaya da ya kai shekara uku. Wani ƙyanda, wani zazzaɓi na dare ɗaya, ɗaya ma a hanya ya cika tana goye da shi za su asibitin mishan na Tungan Magajiya, ta juyo da shi a bayanta har gida bata gaya wa kowa a hanya ba. Mutane suka sa mata suna mai wabi, wasu a bayan idonta wasu ma a gabanta, dangin miji suka matsa sai da ya ƙaro aure. A gidan gargajiya ta tashi, kuma tace an yi duk abin da ake yi, an yanka abin yankawa an sha abin sha. Yadda ta zama mai bi ba wani wa'azi mai zafi bane ya kamata. Bayan na ukun ya rasu tana kwance a ɗaki bata ci bata sha, sai wasu matan Zumunta, wato ƙungiyar mata ta cocin UMCA, da ke maƙwabtaka da su suka riƙa zuwa, wannan ta ɗebo ruwa, wannan ta kawo itace, wata ta dama kunu ta zauna a kanta sai ta shanye, basu ce mata ta zo coci ba, in za su tafi ne kawai suke cewa bari mu yi addu'a. Tace da ta miƙe sai ta bi su taga inda suke samo irin wannan halin. Kuma ku lura, bayan ta karɓi Yesu ma sai da ta sake binne biyu. Ina faɗin wannan ne saboda masu wa'azin da ke cewa ka zo kawai matsalarka ta ƙare, Gwaggo in taji irinsu a lasifika tsaki take yi ta cigaba da aikinta.

Karatu da girmanta ta koya, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi a coci da yamma, wani lokaci har dare da fitilar ƙwai. Burinta ɗaya ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta ba sai ta roƙi wani ba. Nata tsohuwar fassara ce, wadda aka fara bugawa a 1932, da sabuwa ta 1979 ta yaɗu aka saya mata tace a bar ta da wanda idonta ya saba da shi. Bangon ya cire tuntuni, ta naɗe shi da ledar shinkafa ta ɗaure da robar tayar keke, cikinsa kuwa har da rasit na kuɗin makarantarmu da hoton wani yayanmu sanye da kaki da katin asibiti. Da yatsa take bin layi, a bayyane, a hankali, in ta zo kan sunan da ya fi ƙarfinta sai tace "wane dai" ta wuce.

Sana'arta daddawa. Duk wanda ya tashi a gidan nan da kuɗin daddawa yayi makaranta, kuma duk wanda ya tashi a gidan ya san ba ƙaramin aiki bane. Da bazara in ɗorawa ta nuna take sayen kalwa buhu buhu ta ajiye. Ranar aiki za a ɗora babbar tukunya tun yamma, wuta bata mutuwa har gari ya waye, ita ke tashi cikin dare tana tura itace tana ƙara ruwa. Da safe a zuba a turmi da ɗan toka a sussuka har ɓawon ya saki, sai wanki, nan ne namu aikin yake, mu yara mu kwashi kwanduna muna murzawa muna tsince tsakuwa da wadda bata dahu ba har yatsunmu su yi fari su tattare. A sake dafawa, a tsane, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna a kai ɗakin da ba a buɗewa, kwana biyu zuwa uku. Ita bata duba kalanda, in ta wuce ta ƙofar ɗakin ta ja hanci sai tace "gobe" ko tace "ta yi". Daga nan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa a shanya a rana a sa yaro ɗaya gadin kaji. Warin yana bin kayan makarantarmu, a aji ana mana dariya ana toshe hanci, na taɓa zuwa gida da kuka akan haka sai tace to gobe ki gaya musu miyar da uwarsu ta yi jiya wa ya sa mata daɗi.

Yara kam ta riƙe su. 'Ya'yan kishiyarta a ɗakinta suka girma dan ita kishiyar bata da lafiya sosai, sai mu 'ya'yan ƙannenta, sai 'yan ƙauye da ake kawowa karatu Zuru daga wajen Ribah da Mahuta ace su zauna zango ɗaya kafin a samu wuri, zango ɗaya ya zama shekara shida. Tuwon dawa ne dare da rana, miyar kuka ko kuɓewa, ranar Kirsimeti da Ista ne ake ganin shinkafa da nama. Ba a ƙoshi can can amma ba a kwana da yunwa.

Abin da yafi tsaya min a rai game da ita shine addu'arta ta asuba. Kiran assalatu na masallacin unguwa shine agogonta, kullum tana cewa ladan yana mata aiki kyauta. Zata tashe mu duka, mu zauna akan tabarma muna gyangyaɗi, sai ta fara, kuma ita bata iya cewa mun gode maka domin dukan alherinka ta wuce ba, a'a, sai ta lissafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba da rahoton kasuwa. Na gode maka da ruwan jiya da bai shiga ɗakin daddawa ba. Na gode da mai bashin nan da ta kawo rabi. Na gode da tarin yaron nan da ya lafa. Wadda har yau in mun haɗu muke maimaitawa muna dariya ita ce ta kaza: "Ubangiji na gode maka, kazata ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki biyu, ka bar mani biyar." Bayan godiya sai sunaye, kowa da sunansa, har yayanmu da aka tura Laberiya aikin sojan kiyaye zaman lafiya na ECOMOG a shekarun 1990, bata san inda Laberiya take ba amma kullum sai ta kai Allah can. Mu a lokacin gani muke tana cinye mana barci ne kawai.

Da na girma, ina hutu daga makaranta muna tsintar kalwa mu biyu, na tambayeta abin da ya daɗe yana cina. Nace Gwaggo, ke da kike godiya akan komai, yaranki fa, su ma kin gode? Bata ɗago kai ba. Tace "ke 'yar nan, ni ba mahaukaciya bace da zan gode don ɗana ya mutu. Na gode don an bani su na riƙe, na san fuskar kowane, na san kukan kowane. Tambayar da ta rage kuwa na ajiye ta, in mun haɗu da Shi zan yi ta." Sai tace in matso da kwandon. Na je tarurruka na ji masu digiri a tauhidi sun yi bayani akan wahalar mai adalci, ban ce basu iya ba, amma amsar nan ce nake komawa gareta.

Kada kuma wani ya ɗauka mala'ika ce. Gwaggo tana da faɗa, tsumagiyarta a bayan ƙofa take, in ta kira ka sau biyu baka amsa ba na ukun a jikinka zaka ji. Tana da riƙo kuma. Bayan rasuwar mijinta wani ɗan uwansa ya cinye mata wata 'yar gona da hujjar ai bata da ɗa a gidan, maganar ta shige ta fiye da gonar, ta daina gaishe shi, kuma da yake ita bata iya munafunci ba sai ta daina cin Jibin Ubangiji, in an zo rabawa ta sunkuyar da kai a wuce ta. Matar fasto ta yi ta binta. An daɗe a haka, sai wata Asabar ta ɗaura zanenta ta ƙulla daddawa a leda ta tafi gidan mutumin, ta dawo tace mana gonar dai bai bayar ba amma ita ta sauke, washegari ta miƙa hannu ta karɓa. Mutumin yana cikin waɗanda suka fi kowa kuka ranar jana'iza, Allah kaɗai ya san na mene ne.

Hawan jini ne ya kayar da ita. An daɗe ana bata magani tana sha in ta ga dama, a hana ta gishiri tace to a hana ta rai mana gaba ɗaya. Wata safiya a bakin murhu ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ga wani abin mamaki, magana bata fita amma waƙa tana fita. Matan Zumunta suna zuwa duk sati su zauna a ɗakinta da Littafin Waƙoƙi, da zarar sun ɗauko sai kaga bakinta yana bi, kalmomin suna fitowa ɗaya ɗaya a karkace amma ana ganewa, hannun hagun yana buga katifa. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu tace ana samun haka ga masu irin wannan ciwon. Mu dai mun karɓe shi a matsayin kyauta. A haka ta yi watanni, cikin Nuwamba da sanyi ya fara shigowa, daren Alhamis, ta huta.

Gidanmu kamar yawancin gidajen ƙasar Zuru ne, a tsakar gida ɗaya zaka samu mai zuwa coci da mai zuwa masallaci da tsohon da har yanzu in lokacin bikin gargajiya na Uhola yayi ƙauye yake komawa. Baffanmu, ƙanenta, musulmi ne tun yana yaro da aka kai shi Sakkwato, ya je Makka ma. Shi hankalinsa bai kwanta da ajiye ta a mutuware ba, a ganinsa a gaggauta a suturta ta shine mutunci, mu kuma muna jiran yayanmu da ke bakin aiki a Maiduguri sai an bashi izini. An ɗan ja, daga baya yace to ku yi yadda addininta ya tanada, amma kabari 'ya'yana ne za su haƙa. Kuma su suka haƙa, tun da sassafe, tare da samarin coci, ana karɓa karɓa da diga.

To da shekara ta zagayo sai maganar sujadar godiya ta taso, nan ne guruf ɗin gidan ya kama wuta. Babban yayanmu so yake a yi abin da za a daɗe ana labari, anko na leshi, kalanda, robobi da hotonta, rumfuna, mai kiɗan DJ, shanu biyu. Wasu suka ce ina kuɗin yake, yanzu kuɗin motar zuwa gida ma daga Birnin Kebbi ko Kaduna sai mutum yayi shiri tun da aka cire tallafin mai a 2023, balle mai iyali. Aka fara jefa maganganu, wata ma ta fita daga guruf ɗin sai da aka maido ta. Ni ina ɓangaren a rage, kuma har yanzu ina nan a kai, dan na ga gidajen da aka ci bashi aka yi bikin tunawa da mamaci, alhali yana da rai ko kuɗin maganinsa sai an yi ta waya. Amma ba zan ce Yaya bashi da hujja ba. Da ya kira ni yace "ƙanwata, matar nan an kira ta mai wabi a garin nan, an ƙwace mata gona wai bata da ɗa, ni so nake garin ya fito ya ga 'ya'yanta." Muryarsa tana rawa. Soja ne fa, ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Wannan ba fariya bace, ciwo ne da ya daɗe yana ɗauke da shi a madadinta.

Baba ne ya raba gardamar, shi da baya ma iya WhatsApp sai an karanta masa. Yace a gaya musu, in 'ya'ya ake so a gani to 'ya'yan su zo da ƙafafunsu, leshi ba ɗa bane. Aka tsaya akan atamfa mai sauƙi wanda ya iya ya saya, abinci a dafa da yawa kada kowa ya koma da yunwa dan wannan kam ita ma ba zata yarda a rage ba, saniya ɗaya, babu DJ, waƙa a bar wa Zumuntar Mata da 'yan ƙungiyar Sabon Rai ta coci. Kalandar dai sai da Yaya ya buga da kuɗinsa, kuma gaskiya ta yi kyau, tawa tana rataye a falo.

Ranar ta faɗo daidai da godiyar kaka ta ikilisiya, ba mu muka tsara haka ba. Gaban bagade cike da dammunan dawa da gero, buhunan masara, wake, kabewa, zakaru an ɗaure musu ƙafa suna ta ƙara a tsakiyar addu'a. Bana ma kayan basu kai na da ba, dan akwai masu gonaki a wajen Danko/Wasagu da Sakaba da basu iya zuwa nomansu ba saboda 'yan bindiga, amma abin da aka samu an kawo. Da aka zo kanmu fasto ya buɗe Ayyukan Manzanni 9 daga aya 36, labarin Tabita, wato Dokas, matar nan ta Yafa da ta rasu aka aika Lidda aka kira Bitrus. Yace ku duba abin da gwaurayen matan nan suka yi da Bitrus ya shigo, basu yi dogon jawabi akan halinta ba, riguna suka ɗauko suna nuna masa, ga wadda ta ɗinka mani, ga tawa. Sai ya rufe littafin yace mama bata ɗinki, ita tukunya gareta, saboda haka duk wanda ya san ya taɓa zama a gidanta yana ci daga tukunyarta, ba baƙon kwana ɗaya ba, ya miƙe tsaye.

Mun ɗauka mu 'yan anko ne kawai za mu tashi. Sai ga mutane suna miƙewa ta baya, ta gefen mata, ta wajen matasa. Wani dattijon ikilisiya da furfura, ashe a ɗakin zaurenta yayi sakandare. Wani mai acaɓa. Wata malamar firamare da ta taso tun daga Yawuri, mu bamu ma gayyace ta ba a Facebook ta gani. Na fara ƙirgawa na rikice na bari. Na juya na kalli Yaya, ya cire tabarau ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa suna girgiza, matarsa tana bubbuga masa baya.

Cikin masu ba da shaida akwai wata mata da ni kaina ban san cikakken labarinta ba sai ranar. A 2022 ne, lokacin da hare hare suka yi tsanani a wajen Sakaba, aka kashe mijinta ta gudo Zuru da yara uku babu ko zanen canji. Tace a bakin kasuwa Gwaggo ta gan su zaune, ta tambaye ta ina za ku kwana, tace bata sani ba, sai Gwaggo tace to ɗauki wannan kwandon ki biyo ni. Shikenan tambayar. Bata tambayi addininta ba bata tambayi yarenta ba. Tace daren farko ta kasa barci tana kuka, tsohuwar ta shigo ta zauna a bakin tabarma bata ce mata tayi shiru ba, ta dai zauna har asuba, sannan ta tashe ta addu'a, a cikin addu'ar taji tana cewa na gode maka da yaran nan uku da suka iso da ƙafafunsu. Matar tace a ranar haushi ma taji, mijinta ko binne shi bata samu yi ba ana maganar godiya. Sai daga baya, in ta kalli yaran.

Daga nan aka buga tulu da ganga, matan Zumunta suka ɗauko waƙar da ta fi so, muka taso a layi da baikonmu muna rawa muna hawaye, ga majina ga dariya, autarmu ta taka min zane saura kaɗan in kife a gaban bagade. Na ɗauki daddawa ƙulli guda na haɗa da ambulan ɗina na ajiye a cikin kayan godiya, masu karɓar baiko suka kalli juna.

Akwai abin da nake so in faɗa wa 'yan uwana masu bi, da ƙauna nake faɗa. Mu rage gaggawar hana mutane kuka. Ranar jana'izarta wata baiwar Allah ta riƙe ni tana girgiza ni wai haba, ina bangaskiyarki, ai ta tafi wurin hutu, mai bi baya kuka haka. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma Yesu da kansa a Betanya, ya san sarai nan da ɗan lokaci zai kira Li'azaru ya fito, ya riga ya gaya wa Marta shine tashin matattu da rai, duk da haka da ya ga Maryamu tana kuka sai da yayi hawaye, Yahaya 11:35. Ayuba da muke yawan karanta maganarsa a wajen biso, cewa Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, a ayar da ta zo kafin wannan sai da ya yage rigarsa ya aske kansa ya faɗi ƙasa. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Ni na gaskata zan sake ganin Gwaggo, ban da shakka ko kaɗan, kuma duk da haka in na shiga kasuwa a Birnin Kebbi na wuce layin masu kayan miya warin daddawa ya buge ni sai na nemi gefe na tsaya. Biyun duka suna cikina kuma ban ga wanda ya kori wani ba.

Baffa bai shiga cikin coci ba, a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin ƙofa ya zauna da carbinsa shi da wasu 'yan uwa har aka tashi, lasifika tana kai musu komai. A gida bayan an ci abinci ya nemi a bashi dama. Yace lokacin da aka kai shi Sakkwato yana yaro, duk wanda zai je can sai Yayarsa, wato Gwaggo, ta bashi ƙullin daddawa da 'yan kuɗi ya kai masa, kuma ko sau ɗaya bata taɓa aika masa da maganar ya bar abin da yake bi ba, in azumi ya zo ya ziyarce ta ita ke tashi ta ɗumama masa sahur. Yace shi abin da zai ce kenan, Allah ya saka mata. Ya zauna. Matan Zumunta suka ce amin da ƙarfi fiye da kowa.

Da daddare muka zauna mu 'yan gida akan abin da ta bari. Ba wani abu bane mai yawa, tukwane, turmi biyu, zannuwan Zumunta, akuya da 'ya'yanta, sai wani littafin rubutu na 'yan firamare da take sa mu rubuta mata bashi. Masu riƙe da kuɗinta sun cika shafi da shafi, yawanci na daddawar miya ne, muka ce an yafe duka a sanar. Wata tsohuwa da taji ta zo washegari da sassafe da kuɗinta a ƙulle a bakin zane tace ita ba zata haɗu da mama da bashi a kanta ba, dole muka karɓa. Ita ma Gwaggon ashe mai itace yana binta na kaya biyu, bai taɓa faɗa ba, an biya shi. Tukwanen matar yayanmu ta biyu ta ɗauka tace zata cigaba da sana'ar, ta gwada sau ɗaya ta buɗe da wuri abin bai yi ba, Baba ya ɗanɗana miyar yayi shiru, amma tace zata sake in kalwa ta fito.

Babbar maganar ita ce ta yarinyar nan, babbar 'yar matar Sakaba, da Gwaggo ta sa a makaranta, yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare kuma tana ƙoƙari sosai. Kuɗin da ya ragu daga hidimar an ware mata, zai kai ta ƙarshen wannan shekarar karatun, bayan nan kuma mun raba zango zango a tsakaninmu har ta gama. Waɗanda suka yi alkawari sun san kansu, dan Allah kada sai an bi ku, kafin a koma makaranta a Janairu a tura wa Yaya. Sannan ku riƙa kiran Baba ko da minti biyu ne, tun da aka watse baya cin abinci sosai, su biyu ne suka rage shi da Baffa a ɗakinsu, in kun kira kada ku ce masa yayi haƙuri, ku tambaye shi labarin golmon mijin Gwaggo, zai riƙe ku har katinku ya ƙare.